Kuskuren da Izzuddeen Yake Nema

Izzuddeen ya sake zare adaftar da ke haɗa tsohuwar na'urar awon jini da kwamfuta, ya mayar. Lambar nan dai ta kuma fitowa a kwamfuta, ta zarce ƙa'ida nesa ba kusa ba.

Shi ya rubuta wa ƙaramin asibitin nan na Gwaram manhajar da ke sa kwamfuta ta gane adaftar. Ya bi ta layi-layi. Ya rage saurin saƙo, ya canza waya, har wata adaftar ya aro daga Birnin Kudu. Lambar ba ta motsa ba.

"Akwai inda manhajar take haɗiye wani abu," ya ce da Hajiya Mahbuba, mai kula da ɗakin awo. "Ki ba ni zuwa gobe."

"Malam Izzuddeen, duk jinin da muka auna yau daidai ya fito."

"To, wannan ɗin fa?"

Ta jawo kujera ta zauna, ta rufe kwamfutar a hankali.

"Aikinka ba shi da aibu, kai ma ka sani. Ƙodar 'yarka ce. Tashi ka kai Humaira babban asibiti. Tun ɗazu take waje tana tambayar ina Babanta."