Ruwan da Kambi Ya Zubar

Matar maƙerin zinariya ta fi kowa dariya ranar da masanin sarki ya fito tsirara daga gidan wanka, yana gudu yana ihu, "Na gano! Na gano!"

"Maigida, fito ka ga tsohon banza! Ya fara nemo mayafinsa mana!"

Mijin ya leƙo, bai ko murmusa ba.

Kafin faɗuwar rana, bisa dabarar da masanin ya gano, aka tsoma kambin da mijin ya ƙera wa sarki cikin kasko cike da ruwa. Ruwan da ya zuba ya fi wanda zinariya zalla mai nauyin kambin ke zubarwa, ashe maƙerin ya gauraya ta da azurfa. Aka tafi da shi, bai dawo ba.

Har yau Girkawa, mutanen ƙasar, na ba da labarin tsiraicin suna shewa. Ita kuwa, in ta je rijiya, rabin tulu take ɗebowa, kada ruwan ya zuba.