Kabari Biyu na Don Casimiro

Duk shekara, ranar tunawa da matattu, kabari biyu Doña Eufemia Olvera take ziyarta, alhali mijinta ɗaya ne.

Da safe takan je maƙabartar Laredo, ta kunna kyandir, ta ɗan ja carbi. Da hantsi a tsallakar da ita kogi cikin kwalekwale, ta yi haka nan a ɗaya gaɓar. Ba ta kuka a ko'ina. Kafin rana ta faɗi ta koma gida, don tun da aka kawo ta amarya ba ta taɓa kwana a wani ɗaki ba.

Don Casimiro ya rasu ne a shekarar yaƙi, lokacin da sojojin Amurka suke ɗaure dawakansu a jikin gicciyen maƙabarta. 'Ya'yansa maza, Leandro da Fermín, suna hanyar Saltillo da ayarin alfadarai. Da suka dawo, uwarsu ta nuna musu kabari, suka cire hula.

Bayan yaƙi aka ce kogin nan da muke wanki a cikinsa ya zama iyakar ƙasa. Leandro, babban, ya ce ba zai zauna ƙarƙashin tutar baƙi ba, ubansa ma ba zai kwanta ba. Ya haye, ya buɗe kanti, ya sa aka tono akwatin gawar aka tsallakar masa. Fermín ya bari har aka gama addu'a aka ciyar da jama'a, sannan ya sanar cewa shi tuni ya canja wa ubansu kabari. Wanda aka tsallakar, in ji shi, wani mai korar alfadarai ne da ciwon ciki ya kashe.

Leandro ya ce ƙarya ce. Buɗe akwatin uba zunubi ne, saboda haka babu wanda ya duba. Kowa ya kafa wa nasa kabarin dutse mai sheƙi. Na Leandro ya fi tsawo, na Fermín ya fi tsada.

Kasuwa ba ta tsaya ba. Yadin Fermín yana tafiya kudu, azurfa da fatun Leandro suna zuwa arewa, akawunsu ne kawai ke gaisawa. Wanda ya taka rawa a gidan wannan, ba ya ganin gayyatar baftisma daga gidan wancan. Matan manya suka koyi kwanta ciwo a kan lokaci, don kauce wa gayyata.

An raba komai, har cokulan azurfa. Tsohon gidan da rufinsa ke yoyo ne babu mai so, suka bar wa ƙanwarsu Casilda da ba ta yi aure ba, tare da uwar. Abin da bai rabu ba shi ne shanu, dubbai, warwatse a gaɓa biyu, da ƙarfen da ake ƙona musu alama. A nan, wanda ƙarfen yake hannunsa shi ke da duk maraƙin da aka haifa. Doña Eufemia takan ba da shi lokacin sa alama, ta karɓe abinta, ba a san inda take ɓoye shi ba.

Sau ɗaya ta yi magana a kai, gaban Fada Ambrosio, limamin cocinsu, hannunta bisa Littafi Mai Tsarki: "Kusa da babanku za a binne ni. Wanda baban naku yake kwance a ƙasarsa, shi ke da ƙarfen."

Shekaru suka tafi, kyandir yana ta ƙonewa a gaɓa biyu.

Wani hunturu Doña Eufemia ta kwanta ciwo. Duka biyu suka zo, furfura ta cika musu kai, ɗaya ya tsaya a hagun gado, ɗaya a dama.

"Mama, na riga na sa an haƙa miki a gefensa," in ji Leandro.

"Gefen mai alfadarai," Fermín ya ce. "Mama, har tashin ƙiyama kina jin warin sirdi."

"Ji mai magana. Kai da shanu ma Turanci kake yi musu."

"Yaya, kuɗin Turancin ne ya saya maka wannan hular."

Tsohuwar ta tambayi Casilda ko an ba su cakulan. Aka ce an ba su. Ta dubi Fada Ambrosio, wanda shi ma ya tsufa tukuf, ya tsura wa yoyon rufi ido.

"In na tafi," ta ce, "ku janye gadon nan ku haƙa. Sauran kuma, Fada ya sani."

Ta cika da hantsi, carbi a hannunta. Allah ya jiƙanta.

Ashe nan take ɓoye ƙarfen, kowannensu ya faɗa a ransa. Leandro bai yarda da ma'aikatan Fermín ba, Fermín bai yarda da na Leandro ba, don haka suka tuɓe kwat suka ɗauki shebur da kansu. Casilda ta riƙe musu kwat ɗin. Suka wuce gwiwa, suka wuce ƙugu, suna haki, kowa na satar kallon shebur ɗin ɗan'uwansa. Can na Fermín ya daki wani abu, suka durƙusa tare suna share ƙasa da hannu.

Akwatin gawa ne, da sunan ubansu a murfi, an matsar da shi jikin bango an bar wurin mutum ɗaya a gefensa, cikin ƙasar gidan Casilda.