Ƙwararren Kamfani

"Ba zan ɗaura mesar nan ba," in ji Baba Khalfan.

Manyan jiragen dakon mai biyu na jingine da juna a teku, nesa da gaɓar Fujaira. Khalfan ne mai haɗa su da mesa, ko ɗigon mai ba a juyewa sai ya sa hannu.

Kyaftin Mazin ya gyara hularsa mai zaren zinare. "Dalili, dattijo?"

"Iskar arewa na tafe kafin la'asar. Jiragen za su rabu, mesa ta tsinke, mai ya kashe kifin mutanen garinmu."

"Wa ya faɗa maka?"

"Gwiwata."

"Gwiwa! Ni da na yi shekara shida ina karatun teku a Turai? Wallahi yau za ka koma sana'arka ta kamun kifi."

"Madalla. Kifi bai taɓa yi mini tsawa ba."

Khalfan ya yi zamansa a kan mesar.

Kyaftin ya kira masu duba yanayi na kamfaninsu, ya ƙure murya don kowa ya ji. "Ku gaya wa tsohon nan abin da kimiyya ta ce."

"Ranka ya daɗe, na'ura ta ce lafiya lau. Amma ba ma ba da izini sai mun ji daga ƙwararrenmu. Minti ɗaya."

Kyaftin ya harɗe hannu yana murmushi.

Sai waya ta hau ruri a aljihun Baba Khalfan. Ya laluba a tsanake, ya kara a kunne.

"Na'am, ɗana. Gaya wa kyaftin, ƙwararre ya ce a'a."