Karsanar Halilu

Sahura na ɗaure maruƙa a bayan gidansu a Sukukutane, sai ta hango saurayinta Halilu janye da jar karsanarsa. An aske masa kai ƙwal. Ta saki igiyar hannunta ta miƙe.

"Sun ɗauke ka ke nan?"

"Sun ɗauke ni, rundunar komando." Ya kasa haɗa ido da ita. "Horonsu ba waya, ba hutu, daga nan sai daji. Ba zan ɗaure ki da jira ba, Sahura. Ga wannan, kyauta na ba ki. In wani ya fito, kada ki tsaya don ni."

Ta daɗe tana kallon igiyar da ya miƙo. Ashe sallama ya zo yi mata.

"Ba ni son kyautarka."

Ya sunkuyar da kai.

"Aro zan karɓa, irin na iyayenmu. In yi kiwonta ta haihu, maruƙan nawa, uwar taka." Ta fizge igiyar. "Kuma ka sani, ni ba ni mayar da saniya ta hannun ɗan aike."

Halilu ya ɗago kai, murmushi ya ƙwace masa.

"Da ƙafarka za ka zo karɓarta, soja."