Ƙwayoyin Cikin Rudu

Nasiba ta cusa hannu ƙarƙashin karan rudu, rumbun ajiyar albasa, ta jawo wani ƙullin leda. Ga su nan, ƙwayoyi farare ƙanana, da takarda mai hatimi. Tir! Ashe abin da ke cinye gidan ke nan.

Shekara biyu ke nan mijinta Mato yana sayar da albasa tun ba ta gama bushewa ba. Duk garin Galma kowa na ajiye tasa a rudu sai damina ta faɗi kuɗinta ya hau, shi ko sai ya kwashe ya ba dillalai a wulaƙance. Tumaki sun tafi, injin ban ruwa ya bi bayansu, jiya kuma jaki. Kowane farkon wata sai ya hau kabu-kabu ya nufi Madawa, ya dawo aljihu wayam, ido jajir.

Ga kuma wata lalacewar: ƙaton namiji ya koma dama kunu! Tun wancan zazzaɓin da ya kama ta bayan haihuwar Bilal, wanda ya kwantar da ita wata biyu a asibitin kuɗi har ba ta tuna rabin kwanakin, shi ke kawo mata kofin kunu kowace safiya, ya tsaya a kanta sai ta shanye. Wuƙaƙen gidan ya kwashe ya kai ɗakin uwarsa, rijiya ya sa mata murfi da kwaɗo. Ɗan ƙwaya dai, wane shirme ne ba zai yi ba?

Ƙyama ta kama ta. Da wannan ƙazamin hannun yake dama mata kunu! Ba ta yi wata-wata ba, ta zazzage ledar kaf a masai, ta bi ta da tofin miyau. Ta gyara goyon Bilal, ta ɗauki takardar, ta nufi gidan Umaru, yayan Mato, malamin lakwal, wato makaranta, tunda ita ba ta yi boko ba. Ta ko yi sa'a, gogan nata Mato yana can zaune a tabarma.

"Yaya Umaru, karanta wagga takarda gaban ƙanenka. Ƙwaya shika sha! Na zuba su masai. Yau ko shi bari, ko in ɗau ɗana in tahi gidanmu."

Mato ya miƙe zumbur. "Duka?"

"Duka!"

Ya koma ya zauna daɓas, hannu biyu a ka. Ko kunya babu, a gaban yayansa yake hawaye saboda ƙwaya.

Umaru ya daɗe yana kallon takardar. Ya dubi ƙanensa, ya dubi yaron da ke barci a bayanta.

"Karanta mana, Yaya! Mi ka gani?"

Ya sassauta murya. "Likitan taɓin hankali na Madawa ya rubuta ta. Ƙwara ɗaya kowace sahiya, kada a tsallake ko kwana guda. Nasiba, sunanki na bisa takardar."