Yashi a Gindin Buhu

Kana ta ce mini kuɗi kuɗi ne, ko daga ina suka fito, in dai ɗan takararku zai kai majalisar tarayya. To, gyara zama ka ji.

An yi wani manomin albasa a bakin wani kogi. Fadamarsa gadon uba ce, a nan ya yi rarrafe, a nan ya koyi riƙon fartanya. Ana nan sai masu kwasar yashi suka gano kogin. Tifa ta shiga, tifa ta fita, gaɓa tana ta ruftawa, kowace damina sai ruwa ya lashe wani yanki na gonar. Bawan Allah yana ji yana gani abincin 'ya'yansa yana bin ruwa. Yana da wani aboki, tare aka yi musu kaciya, tare suka koyi iyo a kogin nan. Abokin ya yi karatu ya tafi birni, ya daɗe bai leƙo ba, shi kuwa manomin kullum cikin kewarsa yake. Ko sunansa aka ambata a majalisa, sai ka ga ya washe baki kamar gonar auduga. Ran nan sai ga abokin ya dawo neman kujera. Ya je ya tsaya a kan gaɓar da ta rufta, ya ce in Allah ya ba shi, tifa ba za ta sake taka kogin nan ba. Manomin ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya zaɓi buhun albasarsa mafi kyau ya kai gudunmawa, ya ce a sayar a zuba wa mota mai.

Amma kai ma ka sani, takarar tarayya ba da buhun albasa ake yin ta ba. Sai ga wata ƙungiya ta ɓullo, wai ta masoyan ɗan takara, ba wanda ya san shugabanta balle ofishinta. Kafin ka ce kwabo ta cika gari da fosta da atamfa, tana rabon shinkafa gida gida. Manomin ma aka ajiye masa buhu a zaure. Da ya sunkuya zai ɗauka, sai ya ji gindin buhun da danshi, yashi ya manne masa a tafin hannu, mai laushi, ja-ja, mai ƙyalli. Wanda ya girma a kan yashin nan ai ba sai an gaya masa na ina ne ba. Ya leƙa waje, ga sawun taya nan ɓaro-ɓaro, ya bi. Wallahi ba don ya kama kowa ya bi ba, yana tafe yana roƙon Allah sawun ya karkata ya nufi kasuwa ko tasha. Ina! Sawu ya miƙe sai ƙofar garejin mai tifofin, inda ya tarar ana loda wasu buhunan a bayan tifa, ko wanke ta ba a yi ba. Ya juyo gida bai gaya wa kowa ba. Ya ce a ransa ƙila abokinsa bai sani ba, in ma ya sani ai zumunci ya fi shinkafa. Ga rumbu ya yi ƙasa, yara sai kewaya buhun suke yi. Matarsa ta dafa, aka zuba, shi ma ya sa hannu. Ranar zaɓe ya yi sammako ya dangwala wa abokinsa.

Abokin ya ci zaɓe, tifofi suka ƙaru. Damina ta zo ta tafi da rabin fadamar. Manomin ya yi ta zuba ido a hana kwasar yashin, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Da abin ya ishe shi, ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota ya tafi birni. Kada ka zaci korarsa aka yi. A'a, abokin da kansa ya fito ya rungume shi, ya kira shi da sunan yarinta wanda rabonsa da jin sa tun rasuwar mahaifiyarsa, ya tambayi mutanen gari ɗaya bayan ɗaya. Manomin ya ji ƙwalla ta cika masa ido, don mutumin da yake kewa ga shi nan, bai canja ba. Da aka natsa ya kawo maganar kogi, ya faɗi abin da ya gani a gindin buhu da inda sawu ya kai shi. Abokin ya sunkuyar da kai ya ce, "Su suka kawo ni nan, ba ni da bakin hana su." Can ya ɗago ya tambaye shi a hankali, ba da gatse ba: "To kai da ka gani tun kafin zaɓe, ka mayar da shinkafar?"

Manomin ya sa takalminsa ya dawo gida. Har yau in la'asar ta yi yakan je ya zauna a bakin gaɓar da ta rufta, yana kallon ruwa yana juyi a inda ubansa ya koya masa dasa albasa. Yana kewar fadamar, yana kewar abokin, kuma ba shi da wanda zai kai wa ƙara. Shi ya sa magabata suka ce, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.