Izgar Doki a Bakin Fatsa

Ka tambaye ni yadda ake gane dabarar da ke da mai ita, da wadda kowa zai iya tsinta. Na tuna wani masunci a wani gari na bakin gulbi. Sunan garin ya ɓace mini, amma ina ganin ruwan har yanzu, garau, kana hango yashi a ƙasa. Kifin nan ƙawara ta yi yawa a wurin, tana tasowa ta cafke fara a saman ruwa, amma da ta ga inuwar igiyar fatsa sai ta watse. Mutumin nan ya samo izgar doki ya ƙulla tsakanin igiya da ƙugiya: sili uku a murɗe, sannan biyu, sannan ɗaya tak a bakin ƙugiyar. Farar takan sauka a hankali kamar iska ce ta kawo ta, kifi kuwa ya haɗiye. A al'adarsu, wanda ya zo da sabuwar dabara shi kaɗai zai yi su da ita har ruwa ya sake cika, duk wanda ya kwaikwaya a karɓe fatsarsa. Maƙwabcinsa ya gani ya kwaikwaya. Da aka kai su gaban Sarkin Ruwa sai maƙwabcin ya ce, “Ranka ya daɗe, doki ba yau aka haife shi ba, ƙulli kuma kakanninmu sun yi. Wannan ai ko makaho ya laluba zai samu.”

Sarkin Ruwa bai yi musu da shi ba, don shi ma abin ya tsaya masa a rai. Ya aika ƙetare aka kira wan maƙwabcin, gwani ne a su, kuma bai ga ɗaurin ba tukuna. Aka ajiye masa igiya da ƙugiya da izga, aka ce ya kamo ƙawara. Ya ɗaura sili ɗaya mai tsawo, kifi ya fizge ya tsinke. Ya murɗe da yawa, kifi ya gani ya gudu. Ya shafa wa igiya laka, ya sake wuri, har ya koma zargin farar. Da rana ta yi sanyi aka nuna masa ɗaurin. Ya juya shi a tafin hannu, ya yi dariya, ya ce, “Wannan ne kawai? Ai da sauƙi.” Sarkin Ruwa ya ce, “Da safe ma izgar tana gabanka.” Ya miƙa hannu, maƙwabcin ya ba da fatsarsa.

Nakan yi tunani, da an bar gwanin nan har kaka, ko da ya gano da kansa? Allah ne masani. Amma wunin da aka ba shi ya ƙare gorarsa babu kifi, kuma Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.